Tashar Kishi da Kyanwarta: Tsakanin Tarihi da Tatsuniya

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata gardama ce da ta tashi a ɗakinmu na kwana, wani dare bayan mun dawo daga karatu. Wani abokin zamana, ɗan sashen Tattalin Arziki, shi ya kawo labarin, wai a ƙasar Japan akwai wata tashar jirgin ƙasa da ta kusa mutuwa, sai aka naɗa kyanwa shugabar tasha, aka sa mata hula, nan da nan tasha ta farfaɗo. Ɗaki ya kwashe da dariya. Wani ya ce ƙarya ce tsagwaronta, wani kuma ya ce ai mutanen Japan ba abin da ba za su aikata ba. Ni kuwa da yake Tarihi nake karantawa, sai aka ɗora mini nauyin in bincika in kawo hukunci.

To, na bincika. Abokina bai yi ƙarya ba: akwai tashar, an yi kyanwar, an kuma sa mata hular. Sai dai ya ba da labarin ne irin yadda ake ba da tatsuniya, watau ya kama shi daga tsakiya ya bar gindin. Abin da nake so in yi a nan shi ne in jera wa mai karatu al'amuran bisa ga shekarun da suka auku, domin idan aka jera su haka, labarin yakan canja kama.

Sunan tashar Kishi. Tana cikin birnin Kinokawa, a lardin Wakayama, kudu da babban birnin Osaka. Kada kalmar birni ta ruɗi mai karatu, domin Kinokawa wasu ƙananan garuruwa 5 ne aka haɗe a 2005 aka ba su suna ɗaya, kuma a ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai dubu 60 ba. Ƙasa ce ta manoman 'ya'yan itatuwa. Kishi ita ce tasha ta ƙarshe a kan wani gajeren layin dogo da ake kira Kishigawa, wanda ya taso daga birnin Wakayama. Tsawonsa duka-duka kilomita 14.3 ne, watau kusan mil 9, da tashoshi 14, kuma jirgi yakan cinye shi cikin kamar rabin sa'a.

Asalin layin

An buɗe layin dogo na farko a Japan a 1872, zamanin Sarki Meiji, tsakanin Shimbashi da ke Tokiyo da Yokohama ta bakin teku. Injiniyoyin Ingila ne suka jagoranci aikin, babbansu kuwa shi ne Edmund Morel. Faɗin dogon da aka zaɓa ƙafa 3 ne da inci 6, wanda shi ne dai faɗin dogon da ya iso Kano a 1911. Layin Kishigawa ma wannan faɗin gare shi.

A 1906 da 1907 gwamnatin Japan ta saye manyan kamfanonin jirgin ƙasa guda 17, manyan hanyoyi suka koma hannun hukuma. Amma hukuma ba ta da ƙarfin kai dogo kowane ƙauye, sabo da haka a 1910 aka yi wata doka ta ƙananan layuka, wadda ta sauƙaƙa wa kamfanoni masu zaman kansu sharuɗɗan shimfiɗa dogo mai arha. Daga nan ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa ko'ina cikin ƙasar kamar ciyawar damina. Ɗaya daga cikinsu shi ne kamfanin Sando, wanda ya buɗe kashin farko na wannan layi a 1916. Babban abin da aka gina shi dominsa shi ne ɗaukar masu ziyara zuwa wasu tsofaffin wuraren bauta guda 3 na addinin Shinto da ke kan hanyar, watau Hinokuma da Kamayama da Itakiso. A 1931 kamfanin ya sake suna, sa'an nan a watan Agusta na 1933 dogo ya kai Kishi, aka buɗe tashar da muke magana a kai. A farkon shekarun 1940 aka mai da layin na lantarki.

A nan in ɗan ratse. A wajen wannan lokaci ne Turawan mulki suka shimfiɗa wani ƙaramin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka gama a 1914, domin kwasar kuza. Da babban layi ya isa Jos ta Kafanchan a 1927, sai ƙaramin ya fara rasa aikin yi, har aka rufe shi a 1957. Na kawo wannan ne domin a ga bambancin dogon da aka yi don kaya da wanda aka yi don mutane. Kaya in sun sami wata hanya ba sa waiwaye. Mutum kuwa yakan saba da jirginsa, har ya gina gida da makaranta da kasuwa a jikinsa, kuma wannan sabo shi ne ya yi aiki daga baya a Kishigawa.

Layin ya yi ta sauya hannu. A 1957 aka haɗe shi da kamfanin da ke tafiyar da ƙananan jiragen lantarki na cikin birnin Wakayama, a 1961 kuma duk suka shiga cikin Nankai, wani babban kamfani na Osaka. A ƙarƙashin Nankai layin ya ga ganiyarsa, domin a 1974 ya ɗauki fasinjoji kimanin miliyan 3.6 cikin shekara guda. Amma kuma a gidan Nankai zaman ɗan bora ya yi. Bayan an rufe jiragen cikin birni a 1971, ba wani dogon Nankai da ya haɗu da shi. Babban layin kamfanin yana tsayawa a wata tasha dabam a wani gefen birnin, shi kuwa Kishigawa yana tasowa daga wani dandamali a gefen tashar jiragen gwamnati.

Yadda aka kusa rufe shi

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya ci ƙananan layukan Japan sananne ne. Arzikin ƙasar ya bunƙasa, hanyoyin mota suka gyaru, gida bayan gida aka sayi mota. Matasa suka yi ta ƙaura zuwa Osaka da Tokiyo, haihuwa kuma ta ragu, 'yan makaranta da ke cika tarago da safe suka yi ta raguwa. Waɗanda suka rage wa jirgi su ne waɗanda ba su da zaɓi: ɗaliban sakandare da shekarunsu ba su kai na tuƙi ba, da tsofaffin da suka bar tuƙi, da ma'aikatan da ke shiga Wakayama kullum. Maƙwabtan Kishigawa biyu a lardin sun riga shi faɗuwa. An rufe layin Nokami a 1994, na Arida kuma ya tsaya a ƙarshen 2002.

Daɗin daɗawa, a shekara ta 2000 aka gyara dokar jiragen ƙasa ta Japan. Kafin nan kamfani ba ya iya rufe layi sai da iznin gwamnati. Bayan gyaran kuwa sanarwa kawai zai bayar, ya jira shekara guda, ya nannaɗe tabarmarsa. Wannan gyara, a ganina, ya fi kowace kyanwa muhimmanci a tarihin ƙananan tashoshin Japan, ko da yake ba shi da daɗin bayarwa a hira.

A 2003 Nankai ya bayyana cewa yana tunanin barin layin, a 2004 kuma ya tabbatar. Hujjarsa ita ce fasinjoji sun sauko ƙasa da miliyan 2, hasarar da yake yi kuma ta kai wajen yen miliyan 500 a shekara. Ban ga laifinsa sosai ba, kamfani ne na masu hannun jari, ba gidan sadaka ba.

To, a nan ne gindin labarin yake, wanda abokina ya tsallake. Mutanen da ke zaune a jikin layin ba su tsaya ga rubuta takardar koke ba kawai. A watan Satumba na 2004 suka kafa wata ƙungiya ta neman makoma ga layin Kishigawa, wadda cikin ɗan lokaci ta tara 'ya'ya fiye da dubu 6. Gidan talabijin na ƙasa, NHK, ya nuna matsalarsu a wani shiri nasa, abin ya zama zancen ƙasa. Kiran da ƙungiyar ta riƙa yi wa jama'a shi ne su hau jirgin in suna so ya rayu. Suka riƙa share tashoshi da shirya tarurruka, masana kuma suka zauna suka lissafa abin da al'umma za ta yi hasara in an rufe layin, kamar cunkoson motoci a kan hanyar shiga Wakayama da lokacin da za a ɓata. Ma'anar wannan lissafi ita ce, layi yana iya jawo wa kamfani hasara alhali yana jawo wa gari riba.

Da hukumomi suka ga jama'a da gaske suke, sai a 2005 aka yi wata yarjejeniya. Hukuma za ta sayi ƙasar da dogon ke kai daga hannun Nankai. Lardi zai ɗauki nauyin gyaran na'urorin wutar lantarki. Birnin Wakayama da garin Kishigawa kuma za su riƙa cike giɓin kuɗin gudanarwa har tsawon shekara 10, amma kada jimlar ta wuce yen miliyan 820. Sa'an nan aka yi shela ana neman wanda zai tafiyar da jiragen. Wanda aka zaɓa shi ne wani kamfanin jiragen lantarki na birnin Okayama, ɗan rukunin Ryobi, ƙarƙashin Mitsunobu Kojima. Shi ya kafa sabon kamfanin jirgin lantarki na Wakayama, wanda ya karɓi layin ranar 1 ga Afrilu, 2006.

Sabon kamfanin ya rage kashe kuɗi matuƙa. Ma'aikaci ɗaya yakan yi aikin da a da mutum biyu ko uku ke yi, aka kuma janye ma'aikata daga tashoshi, har da Kishi. Amma abin da ya fi burge ni shi ne kwamitin gudanarwa da aka kafa, wanda ke zama kowane wata, inda wakilan mazauna da na hukumomi da na makarantu da na 'yan kasuwa ke zama teburi ɗaya da kamfani. A wannan shekarar ce kuma aka fito da wani jirgi da aka ƙawata da hoton sitiroberi, ɗan itacen nan ja da ake nomawa a Kishigawa, irin wanda manoman wajen Jos su ma ke nomawa. Wanda ya tsara adon shi ne Eiji Mitooka, sanannen mai zanen jirage.

Mai karatu ya lura, har zuwa nan ba mu ambaci kyanwa ba, alhali kuwa an riga an ceci layin.

Shigowar Tama

An haifi Tama a watan Afrilu na 1999. Kyanwa ce mai launi uku, fari da baƙi da ruwan ƙasa, kuma tana zaune ne da uwarta da wata 'yar kyanwa a wani ɗan akurki kusa da tashar Kishi, a hannun wata mata mai kanti a wurin. Da aka yi cinikin ƙasar tsakanin Nankai da hukuma, sai wurin da akurkin yake ya zama hanyar jama'a, aka ce a kawar da shi. Ranar bikin buɗe sabon kamfani matar ta tari Kojima ta roƙe shi ya bar kyanwoyinta su zauna cikin tasha. Ashe ke nan ceton layin ne ya kusa raba Tama da matsuguninta, kuma kafin a ce ta ceci tasha, tashar ce ta fara ba ta mafaka.

Kojima ɗan kasuwa ne mai ido. Mutanen Japan suna da wata tsohuwar al'ada ta ajiye mutum-mutumin kyanwa mai ɗaga hannu a ƙofar kanti, suna cewa tana kiran masu ciniki. Ga tasha ba ma'aikaci, ga kyanwa mai haƙuri da ta saba da fasinjoji, ba ta gudun a taɓa ta. Ranar 5 ga Janairu, 2007, aka naɗa Tama shugabar tashar Kishi, aka ɗinka mata 'yar hula, uwarta da ɗayar kyanwar suka zama mataimaka. Albashinta abincin kyanwa ne. Aikinta kuwa ta zauna a bakin ƙofa a gan ta.

Ba zan rage mata komai daga haƙƙinta ba. A watan da aka naɗa ta fasinjoji sun ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a kan na Janairun bara. Jaridu da talabijin suka yi ca, baƙi suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin Japan, daga baya har daga ƙasashen waje, musamman na Asiya. Wani shehun malami na Jami'ar Kansai, Katsuhiro Miyamoto, ya ƙiyasta cewa a shekararta ta farko ta jawo wa tattalin arzikin yankin kimanin yen biliyan 1.1. Muƙamai kuma suka yi ta hawa kanta. A Janairun 2008 aka ƙara mata girma, daga baya kuma aka mai da tsohon ɗakin sayar da tikiti ofishinta. A Oktoban wannan shekara gwamnan lardin Wakayama ya ba ta sarautar girmamawa. A 2009 aka fito da jirgi mai ɗauke da hotunanta, a 2010 aka sa ta cikin manyan jami'an kamfani, a 2013 kuma ta zama mai riƙe wa shugaban kamfani. A watan Agusta na 2010 aka buɗe sabon ginin tashar Kishi, wanda Mitooka ya zana da siffar fuskar kyanwa, da kunnuwa biyu a kan rufi da tagogi a matsayin idanu, rufin kuwa na ɓawon itace ne irin na tsofaffin wuraren bautarsu.

Amma ga inda ɗalibin tarihi ya kamata ya buɗe ido. Adadin da aka fi yawan kawowa don nuna aikin Tama shi ne cewa fasinjoji sun ƙaru da kashi 10 cikin ɗari a shekarar da ta ƙare a watan Maris na 2007, watau daga miliyan 1.92 zuwa sama da miliyan 2.1. Shekarar kuɗi a Japan tana farawa ne daga Afrilu. Tama kuwa a Janairu aka naɗa ta. Ke nan wata 9 daga cikin 12 na wannan shekara sun wuce kafin a sa mata hula. Mafi yawan wannan ƙari aikin ƙungiyar mazauna ne da sabon kamfani da jirgin sitiroberi, amma da aka zo ba da labari sai aka jibga shi duka a kan kyanwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na kuma fahimci dalilin da ya sa haka ke faruwa, domin mu ma a tarihinmu mun saba da shi. An fi tuna sarkin da aka ci yaƙi a zamaninsa a kan waɗanda suka haƙa ganuwa. Kwamitin da ke zama wata-wata ba shi da hoton da za a buga a jarida, yarjejeniyar cike giɓin kuɗi kuma ba mai tasowa daga Taiwan don ya gan ta. Shi kansa kamfanin ba shi da wani dalili na gyara labarin, tun da labarin ne ke sayar masa da tikiti. Wasu ƙananan layukan ma sun kwaikwayi dabarar, alal misali layin Aizu a lardin Fukushima, wanda ya naɗa tasa kyanwar a 2008. Kwaikwayon hula abu ne mai sauƙi, amma tara mutum dubu 6 a ƙungiya da shawo kan hukumomi uku su sa hannu a aljihu ba a yin sa da rana ɗaya.

Akwai kuma bambanci tsakanin baƙo da ɗan gari wanda lissafin biliyan ke ɓoyewa. Baƙo yakan zo sau ɗaya, ya ɗauki hoto, ya sayi tsaraba, ya tafi, kuma yawancin kuɗin da ya kashe yana tafiya ne ga masu masauki da masu abinci da manyan jiragen da suka kawo shi. Layin Sanko, mai tsawon kilomita 108 a yammacin Japan, ya cika maƙil da baƙi masu bankwana a watanninsa na ƙarshe, duk da haka an rufe shi a 2018. Abin da ke riƙe dogo shi ne mai hawa kullum da safe ya dawo da yamma. Shi ya sa kamfanin Wakayama, duk da shaharar Tama, ya ci gaba da bin mazauna da kira. Ya lissafa cewa sai fasinjoji sun kai miliyan 2.5 a shekara kafin layin ya tsaya da ƙafarsa, sa'an nan ya roƙi kowane mazaunin yankin ya ƙara hawa sau 4 kacal a shekara a kan yadda ya saba.

Tama ta mutu ranar 22 ga Yuni, 2015, a wani asibitin dabbobi, tana da shekara 16, wanda ga kyanwa tsufa ne sosai. Ranar 28 ga watan aka yi mata taron bankwana a tashar Kishi, mutane wajen dubu 3 suka halarta. Kamfani ya ba ta muƙamin shugabar tasha ta har abada, kuma bisa ga addininsu na Shinto aka keɓe mata wani ɗan ɗakin bauta a gefen dandamalin tashar. Wannan aƙidarsu ce, na kawo shi ne don yana cikin tarihin wurin. A watan Agusta na wannan shekara aka miƙa hular ga wata kyanwa mai suna Nitama, watau Tama ta biyu, wadda tun 2012 take riƙe da tashar Idakiso a tsakiyar layin.

A wannan shekara ta 2015 fasinjoji sun haura miliyan 2.3, wanda shi ne mafi yawa tun da sabon kamfani ya karɓi layin, amma bai kai miliyan 2.5 ɗin da ake nema ba. Da wa'adin shekara 10 na farko ya cika a 2016, lardi da biranen biyu sun sake sa hannu a kan wani tallafin na shekara 10, wannan karon don sabunta dogo da sauran kayan aiki da suka tsufa. Sa'an nan annobar korona ta zo a 2020, aka rufe ƙasar ga baƙi, masu zuwa kallon kyanwa suka ɗauke ƙafa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: jiragen sun ci gaba da zirga-zirga tsakanin Wakayama da Kishi da 'yan makaranta da ma'aikata da tsofaffi, da kuma kuɗin harajin mutanen lardin.

Da na kai wa 'yan ɗakinmu wannan bayani, abokina ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya tambaye ni, in ba don kyanwar ba, da ni da shi wa zai taɓa jin sunan Kishi, balle a yi gardama a kanta a nan? Na amsa masa cewa wannan kam gaskiyarsa ce.